Ƙullin Jan Kirtani

A unguwarmu ta Boyle Heights, in aka ce "mutumin fim" kowa ya san Casimiro Baeza ake nufi. Ba a taɓa ganin fuskarsa a allo ba, sunansa ma bai taɓa fitowa a jerin sunayen da ke wucewa kafin a fara fim ba. Amma shekara ashirin da biyu ya yi yana shiga motar ƙarfe shida na safe zuwa wani kamfanin fim ɗin zane da ke bayan tsauni, kuma wannan kaɗai ya ishi mutanen unguwa. Mai aski ba ya barinsa ya bi layi. In an tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Ina ɓangaren fenti," ya yi maza ya sauya magana. Bai yi ƙarya ba. A ɓangaren fenti yake, sai dai shi ne mai wankewa.

Maza ne ke zane a takarda a benen sama. Sai a sauko da zanen wajen mata, su ɗora masa fallen leda mai tauri, garai-garai kamar gilashi, su bi layin da tawada, su juya bayansa su cike da fenti. Kowane motsi da fallensa. Kafin yarinyar zane ta ɗaga hannu ta sauke, an cinye fallaye goma sha wani abu. Daga nan mai kyamara ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan amfaninsu ya ƙare. Da yake ledar tana da tsada a wancan lokacin, ba a zubarwa. Casimiro ake tura wa, a ɗakinsa na ƙarshen baranda, ya tsoma su a bahon ruwan ɗumi, ya goge, ya shanya, a mayar wa mata su sake cikewa. Abin da mace ta yini a sunkuye tana yi, shi minti biyu ya ishe shi.

Don haka matan ba sa raga masa. In ya shigo ɗakinsu da kurarsa ta tura kaya sai wata ta ɗaga murya, "Ku ɓoye 'ya'yanku, ga mala'ikan mutuwa nan!"

"Casi, yau na wa za ka nutsar?"

"Na wadda ta hana ni kofi jiya," in ji shi, a kwashe da dariya.

Doka ɗaya ce tak ta tsare aikinsa. Fallayen kowane yanki na fim suna yawo ne a cikin kwali mai lamba. Kwalin da aka ɗauka a kyamara, aka kalla aka tabbatar ya fito daidai, shi ake ɗaure wa jan kirtani. Mai kirtani na Casimiro ne, wanda ba kirtani kuwa ko taɓa shi bai halatta ya yi ba. Kuma mutum ɗaya ce a duk kamfanin ke ɗaura kirtanin: Leona Pruitt, mai duba aiki.

Leona 'yar manoma ce daga Oklahoma, fari ya koro su yamma. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Shekara bakwai ta yi tana riƙe da buroshi kafin a ɗora ta a kan sauran, kuma ana cewa in digon fenti ya tsallake layi da faɗin gashi sai idonta ya kama shi. Tana da wani ƙulli nata na daban, irin wanda mahaifinta ke ɗaure buhun hatsi da shi: zagaye biyu, a cusa jela ɗaya ta ƙasa, a bar ɗayar tana reto. Ita kaɗai ce ke kiran Casimiro "Mista Baeza". Ita kaɗai ce kuma ta lura cewa kafin ya tsoma falle a ruwa yakan ɗaga shi a hasken taga ya daɗe yana kallo.

Ba ta tona shi ba. Sai ma ta riƙa cewa, in ta miƙo masa kwali, "Na saka maka mai kyau a sama, Mista Baeza. Ka ba idonka haƙƙinsa kafin ka kashe shi."

Mahaifin Casimiro mai zanen waliyyai ne a bangon coci, can a Zacatecas ta ƙasar Meziko. Ɗan bai gaji hannun ba, idon kawai ya gada, kuma idon ne ya ja masa.

A kakar 1939 kamfanin ya duƙufa kan babban fim ɗinsa mai waƙoƙi, wanda aka yi wa gidajen sinima alkawarin zai fito kafin Kirsimeti. Mata suna shigowa da sassafe, ba sa tashi sai idonsu ya fara ganin biyu-biyu. A cikin fim ɗin akwai wata waƙa da wata yarinya ke rerawa a cikin kwalekwale, riƙe da lema ruwan ɗorawa, kwaɗi suna mata amshi daga bakin rafi. An saka faifan waƙar a ɗakin fenti har masinja da mai shara sun hardace. Kowane falle na wannan yankin yana da kala sama da talatin, saboda kowane kwaɗo da irin korensa. Mata shida suka yi mako biyu a kansa. Ranar da suka gama har tafi aka yi, kuma Casimiro yana jiyo su daga ɗakinsa suna cewa ba su taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Da ya yi haƙurin kwana uku, da kwalin ya zo masa da ƙafarsa. Bai yi ba. Ranar Alhamis da rana, kowa ya fita cin abinci, ya leƙa ɗakin ajiya ya ga kwalin a kan kantar masu jiran kyamara. Ya ce a ransa minti biyar kawai. Ya ɗauko shi zuwa ɗakinsa, ya buɗe, ya fito da fallayen ya jibge a kan tebur, daidai inda yake jibge na wanki, domin ba shi da wani tebur ɗin. Ya zaro ɗaya ya kafa a jikin taga. Yarinyar ta buɗe baki tana waƙa, rana ta ratso lemar, kwaɗi goma sha ɗaya sun kumbura wuya. Yana tsaye baki buɗe sai aka ƙwala masa kira daga tsakar gida, wai motar fenti ta iso, ya zo a sauke gwangwanaye.

Ya fi awa ɗaya yana sauke kaya, direba yana ta mita, shugaban ma'aji yana ta faɗa. Ya dawo a gajiye, a makare, ransa a ɓace. Ga tarin fallaye a kan tebur, ga ruwan ɗumi a baho. Sabo turken wawa. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi sau dubu, bai nemi shawarar kansa ba. Ya kwasa ya zuba, ya kwasa ya zuba, har ma yana ɗan rera waƙar kwaɗin. Sai da ruwan ya rine ya zama kore shar, ya ɗago don ya share gumi, idonsa ya faɗa kan taga.

Falle ɗari da tamanin da shida ne a kwalin. Ɗaya ya rage.

Har nan, ni dai ban ga abin da ba a yafewa ba. Kuskure ne, kuma da ya fita ya faɗa, iyakaci a kore shi. To, korar ce yake tsoro. Matarsa Remedios tana da tsohon ciki na huɗu, kuma a shekarun nan ɗan Meziko da ya rasa aiki sai ya daɗe yana gararamba. Uzuri kam yana da shi. Amma na san wasu masu irin wannan uzurin da ba su yi abin da ya yi ba.

A ƙarƙashin teburinsa akwai gwangwani cike da jan kirtanin da yake kwancewa. Ya zaro ɗaya. Shekara huɗu yatsunsa suna kwance ƙullin Leona, sun san hanyarsa ta dawowa, don haka ta tafiya ba ta ba su wuya ba. Zagaye biyu, jela ɗaya ta ƙasa, ɗayar tana reto. Ya ɗaure kwalin, ya ja, ƙullin ya zauna daram. Sannan ya sassauta shi kaɗan ya zame shi gefe, kamar yadda yake yi in yana sauri. Fallen taga kuwa ya cusa shi a cikin rigarsa.

Washegari mai kyamara ya nemi kwali ya rasa. Aka bi sawu har ɗakin wanki. Misis Tolliver, shugabar ɓangaren fenti, ta tsaya a kan kwalin da babu komai a ciki, fuskarta ta yi fari fat. Ta sa aka kira Leona.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Leona ta ɗauki kwalin, ta juya ƙullin, ta daɗe tana dubawa. Casimiro yana tsaye a jikin baho, yana jira ta ce ba nata ba ne.

"Ƙullina ne," in ji ta a hankali. "Ban tuna na ɗaura ba. Amma ƙullina ne."

"Ba ki tuna ba? Aikin mako biyu, Leona! Ina hankalinki ya tafi?"

"Ban sani ba, Misis Tolliver. Kwana biyun nan kaina ba daidai yake ba." Ta juyo ta dubi Casimiro. "Don Allah kada a ga laifin Mista Baeza. Shi abin da ya gani da kirtani yake wankewa."

Nan ne ya kamata ya buɗe baki. Ya ma buɗe, ya ji iskar ta shiga. Sai ya sunkuya ya ɗauki tsumma ya hau goge gefen bahon da ba abin da ya same shi.

A ranar aka sallame ta, domin na sama sun ce sai an ga wanda ya ɗauki laifin. Ta fito da ɗan akwatinta da safar hannunta ta aiki, ta bi ta barandar har ƙarshe, ta leƙo ɗakinsa. "Sai wata rana, Mista Baeza. Ka gaida mai ciki." Ya amsa da ka, bai iya ɗagowa ba. Matan shida suka sake aikin daga farko, har da ranakun Lahadi, kuma tun daga lokacin ba wadda ta ƙara kiransa mala'ikan mutuwa, wai suna tausayinsa kada ya ji ciwo. Wannan tausayin ya fi zagi yi masa zafi.

Fim ya fito a kan lokaci, ya kuma karɓu fiye da yadda masu shi suka yi mafarki. Waƙar kwaɗi ta shiga rediyo, ta shiga makarantu, ta shiga bakin masu tallar jarida. Duk bayan 'yan shekaru sai a dawo da fim ɗin sinima, sababbin yara su ɗauka daga inda yayyensu suka ajiye. A gidan Casimiro kuwa, da zarar yara sun fara kumbura wuya suna amshin kwaɗi, sai ya tuna yana da abin gyara a bayan gida.

"Tsoho, mene ne haka?" in ji Remedios. "Waƙar da ta ciyar da mu?"

"Na ji ta har ta ginshe ni."

"Ku ƙyale babanku, shi a bakin tukunya yake," ta ce wa yaran. Ta rasu ba ta san komai ba.

Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Nasa dai shekara talatin da ɗaya ya yi yana tafiya a ciki bai ga ƙarshensa ba. Kamfanin ya daina wankin fallaye, aka mayar da shi ma'aji, daga baya ya yi ritaya. Mai aski ya ci gaba da zaunar da shi kafin kowa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin "as", shi ya sa ko a coci aka zo maganar shaidar zur sai ya ji kamar shi limamin yake kallo. Ya sha shiga ɗakin furta zunubi, ya faɗi na giya da na fushi, ya fito da wannan ɗaya a cikinsa.

A 1970, bayan rasuwar Remedios, 'yarsa Amparo ta zo kwashe kayan uwar. Amparo ita ce cikin nan na huɗu, yanzu malamar makaranta ce. A ƙasan adaka, tsakanin kwali biyu, ta ci karo da fallen.

"Baba! Wannan na waƙar kwaɗi ne? Na ainihi? Shekara da shekaru kana ɓoye mana? Kai dai ba ka iya alfahari ba wallahi."

Kafin ya samo abin cewa ta kai an saka masa gilashi, ta rataye a falo. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Wata tsohuwa ta taɓa gilashin ta ce, "Baba Casimiro, hannunka ne wannan?" Amparo ta amsa masa, "Ai ba ya so a faɗa." Kwana tara ya jure. A na goma ya sauke hoton, ya naɗe shi a takarda, ya je wajen wata tsohuwar mai fenti da har yanzu take aika wa abokan aiki katin Kirsimeti. Ita ta ba shi adireshin Leona a San Pedro, kusa da tashar jiragen kamun kifi.

Ya isa da hantsi, bayan mota biyu. Ya ji ana zare sakata, aka mayar, aka sake zarewa, sannan ƙofa ta buɗe. Gashinta ya yi fari, bayanta ya ɗan ranƙwafa, amma ita ce.

"Mista Baeza! Kai ne? Ikon Allah. Shigo, shigo. Lurleen, zo ki ga wanda ya zo, mutumin da nake ba ki labari!"

Wata mace mai kimanin shekara arba'in ta leƙo daga kicin, ta gaishe shi, ta koma. Leona ta zaunar da shi, ta je ta ɗora ruwan kofi. Ta dawo ta zauna, ta miƙe ta koma ta duba murhun, ta dawo. Bai gama gyara zama ba ta sake komawa.

"Mama, na ce miki ina kallo!" Lurleen ta faɗa daga ciki.

"Kada ka damu da ni," in ji Leona tana murmushin kunya. "Haka nake. Kan nan nawa ba abin yarda ba ne, kai ma shaida ne." Ta haɗa hannuwanta, duk sun kanannaɗe da aikin saka kifi a gwangwani. "Na ji daɗi da ka zo. Na daɗe ina so in ba ka haƙuri."

"Ni? Haƙuri?"

"Na sa hannunka cikin ɓarna. Na san yadda kake son fallayen nan, kuma ni na sa ka wanke mafi kyansu. Na ga fuskarka ran nan, ko kallona ba ka iya yi ba." Ta girgiza kai. "Ka san abin da ya fi damuna? Har yau ban tuna lokacin da na ɗaura ba. Na nema, na nema, babu. To in mutum zai iya yin abu kamar wannan bai sani ba, me kuma ba zai iya yi ba? Sau uku aka ba ni shugabar layi a kamfanin kifi, na ce a ba wata. Jikokina ma ban taɓa yarda a bar ni da su ni kaɗai ba. Lurleen tana fushi, amma gara fushinta da a ce na manta yaro a baho."

Casimiro ya shirya magana tun daga gida, ya bita a mota ta farko, ya gyara a ta biyu. Duk ta gudu. Shi a zatonsa aiki ya raba ta da shi, kuma nauyin da ya ɗauka ke nan shekara talatin da ɗaya, ashe ko rabin kayan bai sani ba. Kunya ta rufe shi har yana jin zafinta a kunnuwa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da jan kirtani, wanda ya saya a shagon unguwa da safen nan. Ya ɗora naɗin takardar a kan gwiwarsa. Yatsunsa ba su manta ba. Zagaye biyu. Jela ɗaya ta ƙasa. Ya ja, ya bar ɗayar tana reto, ya miƙa mata.

Leona ta karɓa. Ta juya ƙullin kamar yadda ta juya wancan. Murmushin ya bar fuskarta a hankali.

"Wa ya koya maka?"

"Ke. Shekara huɗu ina kwancewa," in ji shi. "Ba ki ɗaura ba, Mis Leona. Kwalin ba shi da kirtani. Ni na ɗauko shi daga kanta don in kalla, ni na wanke bisa kuskure, ni na ɗaura daga baya. Kina tsaye kina kare ni, na yi shiru."

Ta kwance ƙullin da ja ɗaya, ta buɗe takardar. Yarinya da lemarta, kwaɗi goma sha ɗaya, koren bai dusashe ba. Ta bi su da yatsa a kan gilashin, ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi kamar mai ƙirga. Ya jira ta zage shi, ko ta jefe shi da hoton. Da ta yi, da ya ji sauƙi.

"Lurleen," ta kira, ba tare da ta ɗago ba. "Zo nan. Bar abin da kike yi."

Lurleen ta fito tana goge hannu. "Lafiya, Mama?"

"Maimaita, Mista Baeza."

"Mis Leona, don girman Allah…"

"Ban taɓa neman komai a wajenka ba tun da na san ka. Maimaita. Tun daga kanta. Ka ɗaga murya, ita nake so ta ji."

Ya miƙe tsaye, hularsa a hannu, dattijo mai shekara saba'in, ya faɗa tun daga farko, bai tsallake tsumman da ya ɗauka ba. Lurleen ta toshe baki da hannu. Ta dubi uwarta, ta daɗe tana kallonta kamar yau ta fara ganinta, sannan ta dube shi, kallon da har ya mutu bai manta ba.

Butar kofi ta fara kuka a kicin. Leona ta ajiye hoton a kan kujera, ta je ta kashe murhun, ta dawo ta zauna. Ba ta kawo kofin ba, ba ta kuma ce masa ya zauna ba. Can sai ya ga ta dafa hannun kujera, ta fara yunƙurin tashi don ta koma ta duba. Ta tsaya a haka, rabi a zaune rabi a tsaye.

"Na kashe," in ji ta, ba da kowa take ba. "Na san na kashe."

Ta koma ta zauna. Casimiro ya sa hularsa, ya buɗe wa kansa ƙofa, ya fita neman motar komawa gida.